Tambayi Magini: Gidan Kakanmu na Ƙauye, a Gyara ko a Rushe?

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ɗauko a wannan watan. Ta farkon za ta cinye mana rabin shafi, ku yi haƙuri, ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi ne.

TAMBAYA: Baba Magini, ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce a Aboabo, saura shekara uku in yi ritaya. Kakanmu bafataken goro ne, ya gina gida a wani ƙauye bayan Mankranso tun ba a haifi mahaifinmu ba: ɗaki takwas da zaure, ginin ƙasa, rufin kwano. Tun rasuwar mahaifinmu, shekara shida ke nan, ba mai kwana a ciki. Ɗaki biyu sun zube, sauran suna yoyo. Yayyena maza sun ce a rushe a sa bulo. Wani magini kuma ya ce a ba shi aikin, zai shafe bangon ciki da waje da siminti ya koma sabo fil. Ni dai raina yana son in koma can da zama. Maganar wa zan bi?
Wata baiwar Allah, Aboabo, Kumasi

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku da kakanku. Kada ki bi maganar kowa tukuna. Yayyenki sun yi gaggawa. Maginin nan kuwa, in kika ba shi aikin, shi zai rushe miki gidan, sai dai a hankali, kuma da kuɗinki.

Ba ji na yi ba, ni na tafka wannan kuskuren da hannuna. Gidan da nake zaune yanzu, a wani ƙauye bayan Offinso, mahaifina ne da ƙaninsa suka gina shi lokacin da suke awon koko da goro. Baffan nawa yana cikin waɗanda suka tafi a ƙarshen 1969, da gwamnatin Busia ta nan Ghana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Ya kulle ɗakunansa uku ya ce zai dawo, bai dawo ba. Gobarar daji ta 1983 ta lashe gonar kokon, mahaifina ya haƙura ya komo wurina a Sabon Zongo. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, magini ɗan birni mai aikin bene, ginin ƙasa a idona aikin talauci ne. Da na ɗan samu sarari sai na loda siminti a mota, na je na shafe gidan tas, na buga masa fenti. Mutanen ƙauyen har zuwa kallo suke yi.

Damina bakwai ya yi. A ta takwas, cikin wani dare na watan Yuni, bangon baya ya kwanta gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, ba kowa a ɗakin. Da na je na ƙwanƙwasa sauran bangon sai na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na sa guduma na ɓalle simintin, na tarar ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta zama kamar ƙullun ƙosai, gara kuma ta yi hanyoyinta tun daga tushe har saman bango, ba mai ganinta.

Dalilin ba boyayye ba ne, ni ne dai ban tsaya na yi tunani ba. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, in rana ta fito ya fitar da ita ta jikinsa. Yana ɗan kumbura, yana ɗan tsukewa. Siminti kuwa ba ya motsi tare da shi, don haka sai su rabu, simintin ya yi 'yan tsage-tsage kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje gida tsaf, ciki kuwa yana ruɓewa. Kuma ba ni kaɗai abin ya ci ba. Tsohon masallacin Larabanga na arewacin Ghana ma an shafe shi da siminti a shekarun 1970 da niyyar a kare shi, laima ta maƙale a ciki, gara ta shiga itatuwansa, har wani sashe ya zube. Da aka zo gyaran gaske wajen 2002, abin da aka fara yi shi ne ɓamɓare simintin nan duka, aka mayar masa da yaɓen ƙasa irin na da. In kin ga dama ki ba maginin naki wannan labarin.

To yaya za ki san ko gidanku na gyaruwa ne? Ki je ranar da ake ruwa. Da gaske nake. Kowa yana zuwa duba tsohon gida da rani, lokacin da gidan ba ya faɗin gaskiya. Mu nan damina biyu muke da ita, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, ba za ki rasa rana ba. Ki sa takalmin roba ki zagaya gidan ruwa na zuba. Ki ga inda ruwan kwano yake sauka: a gindin bango, ko nesa da shi? Ki ga inda yake kwanciya a tsakar gida, da ta ina yake fita, in ma yana fita. Ruwa ta wuri biyu yake kashe bango, ta ka da ta gindi. Ina kyautata zaton ɗakunan nan biyu da suka zube, ko dai kwano ne ya yaye a kansu, ko kuma suna gefen da ruwa ke taruwa. In haka ne, ba tsufa ya kayar da su ba, kuma ba hujja ba ce a kan sauran shidan.

Bayan nan ki samu igiya ki ɗaura mata dutse, a sako ta daga saman bango. In bangon yana tsaye daidai da igiyar, alhamdu lillahi. In ya yi ciki, ko ya karkata har ido na gani, wannan bangon sai a sauke shi a sake ɗagawa, ba a lallashinsa. Tsaga kuma iri-iri ce. Wadda ta tsaya a kan yaɓe ba komai ba ce. Wadda ta ratsa har kina hango haske, musamman a kusurwa inda bango biyu suka haɗu, ita ce abin lura. Ki ja layi da fensir a inda ta ƙare, ki rubuta kwanan wata, ki dawo bayan damina. In ba ta wuce layin ba, ta mutu, cikewa kawai za a yi. In ta wuce, tushe ne yake motsi, sai an tona an gani. Ki kuma ɗauki ƙusa doguwa ki soka a gindin bangon wurare da dama. In ta shige kamar a tuwo, ƙasan ya ci ruwa.

A lissafina, in bango huɗu cikin biyar suna tsaye lafiya, rushewa asara ce. Ki tambayi yayyenki ko sun taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Maris ba fanka. Kakanku da ya yi bango mai kauri haka ya san abin da yake yi.

Yanzu tsarin aikin. Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, takardu. Na san ba wannan kika tambaya ba, amma na ga mutane sun zuba kuɗin ritayarsu a gidan gado, fenti bai bushe ba wani ɗan baffa ya ɓullo da tasa maganar. Ku zauna ku duka magada, da malamin da ya san rabon gado, a rubuta wa ke da me, a rubuta cewa kuɗin da za ki kashe naki ne da yadda za a lissafa shi. In akwai mai ja, ki ga lauya, domin dokar gado ta 1985 tana nan, kuma kotu ba ta aiki da "ai mun yi magana". Sannan filin. A ƙasar Asante yawancin fili na kujerar sarauta ne, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa mutum irin wannan filin har abada, haya ce ta shekaru. Mai yiwuwa abin da kakanku ya yi shi ne ya kai gaisuwa aka nuna masa wuri, shi ke nan. Ki ɗauki dattijon zangon ƙauyen ku je ku gai da Nana, wato sarkin ƙauyen, a sabunta zumunci, a ba ki takarda, safiyo ya auna ya zana, ki bi ta Hukumar Filaye. Takardar Nana farkon hanya ce, kada ki sa ta a akwati ki ce kin gama.

Daga nan sai rufi. Kuɗinki na farko duk a kai za su tafi, kuma ba za su yi kyan gani ba, ba wanda zai zo ya ce Malama ta yi gyara. Kafinta ya hau ya duba katakan ɗaya bayan ɗaya. Bakin kwanon ya zarce bango da ƙafa biyu da rabi zuwa uku, a sa masa mazurari, ruwan ya tafi tanki. Tsohon kwanon da bai huje ba kada ki yar, sau da yawa ya fi na yanzu kauri. Sai gindin bango: a cike inda ruwa ya zaizaye, a yi dakali ko daɓe mai gangara zuwa waje, a haƙa lambatu ya kwashe ruwan tsakar gida. Nan ne siminti yake da amfani, nan da banɗaki. Banɗaki da wurin wanka ki gina su daban da bulo, nesa kaɗan, kada su jingina da tsohon bango.

Ɗakunan da suka zube, ƙasarsu tana nan a wurin, kuma ita ce mafi dacewa. A tattara ta, a tsince duwatsu da saiwoyi, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa ko ƙaiƙayin shinkafa, a rufe ta ta kwana biyu ko uku. Masu ginin atakpame, wato ginin ƙasa ba tubali, suna ɗora ta ne hawa-hawa, kowane hawa kamar ƙafa ɗaya da rabi, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Mai gaggawa ba ya wannan aikin. Ki nemi tsohon da ya iya a ƙauyen ko maƙwabtansa, ki haɗa shi da samari biyu, ki biya shi da daraja. Lokacin aikin daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Sai dai iskar hunturu tana busar da yaɓe da sauri har ya tsattsage, don haka a riƙa yi da safe da yamma, a rataya buhu ya kare shi. Yaɓen ƙasa da yashi za a yi, in kina da mai kawo miki ɓawon ɗorawa daga Arewa a jiƙa a yi makuba, to madalla. In babu, farar ƙasa ta gini kwano ɗaya da yashi kwano uku ta wadatar, domin ita tana barin bango ya fitar da laimarsa. Tana cin hannu da ido, a yi hattara. Fentin mai kuwa kada ya kusanci bangon nan.

Saura maganar zama, wadda ta fi ginin wuya. Ni da na koma, Hajiya ta ce in je in gwada, in na ga ban mutu ba ta biyo ni. Shekara guda ta yi tana aiko mini da yaji da man shanu kafin ta tare. Dare a can yana da tsawo. Bayan isha'i ba abin da za ki ji sai kwaɗi. Ba mai kokon safe a bakin titi, ba waakye sai wanda kika dafa, in kina son ki yi waya akwai wani gindin mangwaro da kowa ya sani. Azumin farko na yi kewar Sabon Zongo har na rasa abin da ke mini daɗi, mu bakwai muke tarawihi. Ki lissafa nisan asibiti da dare, ba da rana ba, kuma ki san mai pragya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku, da zai ɗauki wayarki ƙarfe biyu na dare. Ki binciki ruwan sha da kyau, domin rafuffuka da yawa a yankin nan masu galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, sun mayar da su kamar kunu. In ba rijiyar burtsatse kusa, tankinki ya zama babba. Maƙwabtanki Asantawa ne, ki gyara Twi ɗinki, ki je gaisuwar mutuwa ranar Asabar ki ba da abin da ya sawwaƙa, ki tambayi ranar da ba a shiga gona ki kiyaye. Waɗannan mutanen su za su kula miki da gida ranar da kika sauko Kumasi.

Saboda haka kada ki saki ɗakinki na Aboabo. Ki gyara ɗaki biyu da zaure, ki yi dogon hutun makaranta a can, ki sake yin wani cikin ruwa. Shekara ukun nan da suka rage miki sun isa ki gane ko ƙauyen kike so ko kuwa kewar mahaifinki ce take damunki. In ma kin fasa, ki sa wani amintacce ya zauna a ciki kyauta. Mai kwana a ɗaki shi ke jin ɗigon farko ya matsar da kwano tun da safe, shi ke share hanyar gara tun tana sirara. Shekara shidan da gidanku ya yi a kulle sun fi duk shekarun baya yi masa illa.

TAMBAYA: Baba, na canza katakan rufin gidan gonarmu da ke kusa da Ejura shekara huɗu da suka wuce, yanzu gara ta cinye su. Na kakana kuwa da ban taɓa ba suna nan garau. Asiri ne?
Wani ɗanka, Asawase

AMSA: Ɗana, ba asiri, wawa aka sayar maka. Ba zaginka nake ba, sunan itacen ke nan, ka tambaya a kasuwar katako ta Sokoban. Fari ne, ba nauyi, ga araha, amfaninsa a yi akwatin zuba kankare a cire, amma gara tana cinsa kamar gurasa. Na kakanka odum ne, wanda Hausawa ke kira loko, shi kuwa gara ba ta cika kusantarsa ba. Yanzu ya yi wuya ya yi tsada, don haka in ka ji ana rushe tsohon gida, je ka sayi katakansa. In sabo za ka saya, tafi da kafintan da ba shi da haɗi da mai sayarwa, ku zaɓi jan katako mai nauyi wanda ya bushe, a shafe shi da maganin katako kafin a hau da shi, har da bakin da aka yanke. Sannan ka zagaya gidan ka nemi suri da tsohon kututture, domin daga ƙasa take tasowa. Itacen girki ma a daina jingina shi da bango.

TAMBAYA: Baba, ina Bronx a Amurka. Shekara biyu ina tura wa ƙanena kuɗi ya gyara gidan mahaifinmu na ƙauye. Kullum hoto ɗaya yake turo mini, na bangon gaba. Me zan yi ba tare da zumunci ya lalace ba?
Wani bawan Allah, New York

AMSA: Alhaji, bangon gaba ya sha hoto, a bar shi ya huta. Ka ce ya kira ka ta bidiyo ya zagaya da kai bayan gida da cikin ɗakuna, ranar da ake ruwa in da hali. Daga yau ka raba aikin gida-gida: kuɗin rufi daban, sai an gama ka gani sannan na gaba. Kayan aiki ka biya mai shago kai tsaye ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Kuma ka yanka wa ƙanen naka ladan wahalarsa a fili, wata-wata. Yawancin kuɗin da ke narkewa a irin wannan aikin, mutum ne aka sa shi zirga-zirga da yunwa aka ce ya yi don Allah. Abin da ya wuce kada ka tono shi ta waya, ka bari sai ka zo. Zuwa da kai ya fi aike.

TAMBAYA: Baba Magini, mun koma tsohon gidan surukina a wani ƙauye kusa da Nsawam. Kullum da dare muna jin tafiya a saman silin da ƙwanƙwasa a kan kwano. Yara sun ƙi kwana. Maƙwabta sun ce gidan da ya daɗe a kulle ba ya rasa masu shi.
Uwar yara, daga Nima, Accra

AMSA: 'Yata, ni magini ne, ba malami ba, ba zan ce miki babu aljanu ba. Ki karanta Baƙara a gidan, ki riƙe azkar na safe da yamma, wannan ko ba motsi abin yi ne. Amma gobe da rana ki sa maigidan ya ɗauki tocila ya leƙa saman silin. Ƙwanƙwasar da kike ji bayan magariba kwano ne, ya sha rana ya buɗe, yana hucewa yana komawa, ƙusoshi na ƙara. Tafiyar kuwa ɓeraye ne ko jemagu, wani lokaci har da mujiya. In ya ga kashi baƙi-baƙi ya taru yana wari, jemagu ne. Kada a share shi a bushe, ƙurarsa tana cutar da ƙirji, a yayyafa ruwa, a ɗaure hanci da baki. A bari su fita kiwo da magariba sannan a toshe ramukan da waya mai ƙananan idanu. In kuka toshe da rana za su mutu a ciki, warin kuma sai ya kore ku gaba ɗaya. Abu ɗaya kuma, tunda gidan tsoho ne: in rufin ko silin ɗin irin farin nan ne mai kama da siminti da ake kira silet, akwai yiwuwar asbestos ne, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kada a fasa shi, kada a yanka, kada a kankare.

Ni ma na sha wannan tsoron. Ɗakunan baffana da na ambata a sama, shekara da shekaru ba wanda ya yarda ya buɗe su, yaran ƙauyen ko ta ƙofar ba sa bi, wai ana jin mutum yana awo a ciki da dare. Ranar da na sa aka karya kwaɗon, ni da limamin zangon ne a gaba, yana addu'a ina riƙe da adda. Jemagu suka fito mana a fuska, liman ya yar da carbinsa ya yi waje. Da ƙura ta lafa muka shiga. Tsohon sikelin koko ne rataye a jikin katako, ɓeraye na hawa kansa yana bugun bango. A ƙarƙashinsa akwai buta, da allon baffa da rubutunsa bai gama gogewa ba, da takalminsa ƙafa ɗaya. Sikelin yana zaurena yanzu, jikokina suna auna junansu da shi in sun zo hutu.